Daga kunne zuwa amigdala: yadda ƙwaƙwalwa ke koyon tsoron ƙara

Idan tayar mota ta fashe a bakin kasuwa kowa sai ya zabura, yaro da babba, wanda ya taɓa ganin tashin hankali da wanda bai taɓa gani ba. Da wannan zaburar ake haihuwar mutum, kuma hanyarta a jiki gajeriya ce ƙwarai. Jijiyar ji tana miƙa saƙo ga wasu ƙwayoyin jijiya da ke daidai mashigarta cikin gindin ƙwaƙwalwa, su miƙa wa wani gungu mai manyan ƙwayoyi a can gindin, shi kuma ya aika kai tsaye ga jijiyoyin laka masu motsa tsoka. An auna a jikin ɓera: daga fitar ƙarar zuwa motsin tsokar ƙafar baya milisakan 8 ne, wato kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Bayan ɗan jim kowa ya koma harkarsa.

Abin da nake son bayyanawa daban ne. Akwai mutumin da ƙarar da ba ta dami kowa ba take tsinka masa zuciya. Rurin babura uku huɗu tafe tare da daddare, ga wanda aka taɓa kai wa ƙauyensu hari a Zamfara ko Katsina. Bindigar toka ranar hawan sallah, ga wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun da bama-bamai suka yi yawa. Ƙarar tana nan yadda take, ƙwaƙwalwarsa ce ta koyi wani abu game da ita. A duk fagen ilimin ƙwaƙwalwa, kaɗan ne abubuwan da aka bi diddigin hanyoyinsu dalla-dalla kamar wannan koyon, kuma sanin hanyoyin yana da amfani a aikace. Shi ke nuna abin da ya sa "ka daure, ai ya wuce" ba ta warkar da mutum, shi ke kuma nuna abin da ke taimakawa.

Gwajin da aka gina ilimin a kai

Mafi yawan abin da aka sani ya fito ne daga gwaji guda da ake ta maimaitawa a kan ɓerayen ɗakin bincike, jinsin manya da jinsin ƙanana, bisa tsarin da Pavlov ya kafa a Rasha da karnukansa. Ana sa ɓera a akwati mai daɓen sandunan ƙarfe jere, akwatin kuma yana cikin wani babba da ke tare hayaniyar waje. A bar shi minti 2 ko 3 ya shinshina ko'ina. Sai lasifika ta saki sauti guda mai tsayayyen amo na daƙiƙa 20 ko 30, ƙarfinsa desibel 75 zuwa 80, wato ya fi hirar mutane ƙarfi amma bai kai na sa zabura ba. A daƙiƙa ɗaya ko biyu na ƙarshe sai a saki lantarki a sandunan, galibi miliamfiya 0.4 zuwa 0.8, ya yanke tare da sautin. Ba ya raunata ƙafa, amma dabbar ba ta son sa ko kaɗan. Ana maimaita haɗin daga sau 1 zuwa 5, da tazarar minti 1 zuwa 3 wadda ake sassauyawa don kada ɓeran ya koyi ƙirga lokaci maimakon sauraron sautin.

Bayan awa 24 sai jarrabawa, a wani akwati na daban: daɓe mai santsi, bango mai wani fasali, wani haske, wani wari. Idan da sifirit aka goge na farko, na biyun a goge shi da ruwan binega. A kunna sautin ba tare da lantarki ba. Ɓeran da ya koya sai ya ƙame, ba abin da ke motsi a jikinsa sai numfashi, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne kashi nawa cikin 100 na tsawon sautin ya yi a ƙame. Wanda ya koya sosai yakan kai kashi 60 zuwa 80, alhali kafin a kunna sautin da kyar yake tsayawa. Dole kuma a sami rukunin kwatance da suka ji sautin, suka sha lantarkin daidai adadi, amma a rarrabe, ba ɗaya na bin ɗaya. In su ma suka ƙame wa sautin, to abin da aka auna firgici ne kawai na gama-gari.

Gwajin yana da sauƙin faɗa, amma yana da wuraren ɓaci da yawa. Fitsari da kashin dabba kan haɗa sanduna biyu, lantarkin ya bi ta nan ya bar ƙafar, sai a zaci ɓeran bai iya koyo ba, shi ya sa ake gogewa a busar, a kuma auna sandunan da mita kafin kowace dabba. Ƙananan ɓeraye ba sa jin amo mai kauri sosai, jinsu ya fi kaifi wajen kilohaz (ma'aunin sirantar amo) 10 zuwa 20, kuma irin da aka fi amfani da shi, C57BL/6, yana fara rasa jin siririn amo tun yana ɗan watanni, saboda haka tsohon ɓera na iya faɗuwa jarrabawar don kurumta. Manyan ɓeraye kuwa suna da kukan gargaɗi nasu a wajen kilohaz 22, wanda ya zaɓi sauti kusa da wannan ya cakuɗa koyo da halitta. Idan aka yi ta kunna wa dabba sautin kwanaki kafin a haɗa shi da lantarki, koyon zai yi rauni, domin ta riga ta ɗauke shi abin da ba ya nufin komai. Idan aka yi jarrabawa a akwatin da aka yi horo, ba za a iya raba tsoron wurin da tsoron sautin ba. Manhajar da ke ƙirga ƙamewa daga bidiyo ba ta bambance wanda ya ƙame da wanda barci ya ɗauke. A 2015 kuma ɗakin binciken Rebecca Shansky a Boston ya nuna cewa matan ɓeraye da dama ba sa ƙamewa, ficewa suke yi a guje daga wannan kusurwa zuwa waccan in sautin ya zo. Mai ƙirga ƙamewa kaɗai zai rubuta cewa ba su koya ba, alhali sun koya sarai.

Hanyoyi biyu zuwa wuri ɗaya

Ƙara tana girgiza dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su kai girgizar cikin katantanwar kunne, inda ƙwayoyi masu gashi, kimanin 3,500 a layin ciki na kowane kunnen mutum, suke mayar da ita saƙon lantarki. Saƙon ya bi jijiyar ji zuwa gindin ƙwaƙwalwa, ya hau tudun ji da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya isa tashar ji ta talamas, wani zango a can cikin ƙwaƙwalwa da ke rarraba saƙonni. Daga talamas ne ake sa ran ya wuce ɓawon ƙwaƙwalwa na ji, inda ake tantance mene ne aka ji.

A 1984 Joseph LeDoux da abokan aikinsa a New York suka yi abin da ya sauya fagen. Sun lalata ɓawon ji na ɓeraye a ɓangarorin biyu, sannan suka horar da su. Ɓerayen suka koyi tsoron sautin lafiya lau: suna ƙamewa, jininsu yana hawa. Da aka lalata tashar talamas kuwa, ko tudun ji da ke ƙasanta, koyon ya gagara. Ke nan akwai hanyar da ke fita daga talamas ta nufi wani wuri ba tare da ta ratsa ɓawo ba. Da suka bi zaren jijiyoyin da sinadarin rini, sai suka ga ɓangaren ciki na tashar, da wani ɗan yanki da ke manne da ita ta baya, suna aika zare kai tsaye zuwa amigdala, wani curin ƙwayoyin jijiya da ke can ciki a saitin kunne, ɗaya dama ɗaya hagu. A 1990 suka tabbatar da cewa ɓangaren gefe na amigdala shi ne mashigar saƙon, in an lalata shi ba a koyo.

Gajeriyar hanyar tana kai saƙo amigdala cikin kusan milisakan 12 a ɓera. Doguwar, wadda ke hawa ɓawon ji ta bi yankunan da ke kewaye da shi kafin ta sauko amigdala ta gefe, tana ɗaukar ninkin haka ko fiye. Bambancinsu ya wuce na sauri. Ƙwayoyin talamas da ke ciyar da gajeriyar hanya ba sa tsananta zaɓe, ƙwaya guda tana amsa amo iri-iri masu faɗi, wasu ma suna amsa taɓi da zafi. Waɗanda ke ciyar da ɓawo kuwa a jere suke bisa tsarin amo, kowace da nata. Saboda haka ta farko tana sanar da cewa wani abu mai kama da wancan ya zo, ta biyu ce ke iya cewa shi ne ko ba shi ba ne.

A nan ake yawan wuce gona da iri a rubuce-rubucen da ake yi wa jama'a, a nuna kamar gajeriyar hanya ce komai. Gwajin Romanski da LeDoux na 1992 ya nuna kowace ɗaya daga cikin biyun ta isa a koyi tsoron sauti mai sauƙi, in an toshe ɗayar kafin horo. Amma gwaje-gwajen baya sun nuna in aka bar ƙwaƙwalwa cikakkiya ta koya, sannan aka lalata hanyar ɓawo, tunawar tana raunana ƙwarai. Wato lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana dogara da ɓawon fiye da yadda gwajin farko ya sa aka zata. Ƙarar duniya kuma, rurin inji ko muryar mutum ko takun sawu, cakuɗaɗɗiya ce, ba amo guda ba. A 2011 masu bincike a Basel ta ƙasar Suwizalan suka nuna yadda ɓawon ke shiga aikin: zafin lantarkin yana sa a zuba sinadarin asetilkolin a shimfiɗar sama ta ɓawon ji, wannan ya tada wasu ƙwayoyi da ke danne masu dannewa, sai manyan ƙwayoyin ɓawon su sami sarari su amsa sautin da ƙarfi. Tun kafin nan Norman Weinberger ya nuna a ɓeran Masar cewa bayan horo ƙwayoyin ɓawon ji suna karkata zaɓinsu zuwa amon da aka haɗa da zafi. Kunnen ƙwaƙwalwa kansa yana sake saiti, ya ba wa wannan ƙarar fifiko.

Abin da ke faruwa a mahaɗa

A amigdala ta gefe akwai ƙwayoyin da saƙon sauti da saƙon zafi duka suke sauka a kansu. Kafin horo saƙon sautin rarrauna ne: zaren da ya zo daga talamas ya zuba sinadarin gulutamet a mahaɗa, wato inda zaren ya haɗu da ƙwayar, ƙofofin da ke karɓar sinadarin, makarɓan AMPA, su buɗe, ɗan lantarki ya shiga, bai isa ya tada ƙwayar ba. Akwai makarɓa ta biyu a wurin, NMDA, wadda ƙwayar maganiziyam ta toshe bakinta. Gulutamet kaɗai ba ya buɗe ta. Sai in ƙwayar jijiyar ta riga ta ɗauki caji mai ƙarfi daga wani wuri ne maganiziyam ɗin ke fita, kuma saƙon zafi ne ke kawo wannan cajin. In biyun suka haɗu a lokaci guda, kalsiyam ya kwarara ciki ta mahaɗar da sautin ya bi, ita kaɗai, ba maƙwabtanta ba. Kalsiyam ya tada jerin sinadaran aiki a cikin ƙwayar, su kuma su tura ƙarin makarɓan AMPA zuwa wannan mahaɗar. Gobe in sautin ya dawo shi kaɗai, ya isa ya tada ƙwayar.

Kowane mataki an gwada shi. A 1990 ɗakin binciken Michael Davis ya zuba maganin toshe NMDA a amigdala kafin horo, koyon ya ƙi. A 1995 Gregory Quirk da abokansa suka sa siraran wayoyi suka ga amsar ƙwayoyin ga sautin tana ƙaruwa bayan 'yan haɗe-haɗe kaɗan, musamman a milisakan 15 na farko, abin da ke nuna hannun talamas. A 2005 aka ga cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin wurin ne ke tura sababbin AMPA. A 2009 ɗakin Sheena Josselyn a Toronto ya kashe 'yan ƙwayoyin da suka ɗauki tunawar kaɗai, tsoron sautin ya ɓace, amma kashe adadi irin wannan na wasu ƙwayoyin bai yi komai ba. A 2014 a San Diego aka yi amfani da haske ta zaren gilashi aka raunana mahaɗar, tsoron ya tafi, aka sake ƙarfafa ta, ya dawo. A ganina ba wata tunawa da aka kama ta a hannu kamar wannan.

Haɗuwar lokaci kaɗai ba ta isa ba. Robert Rescorla ya nuna a 1968 cewa in zafi yana zuwa daidai-wa-daida ko da sauti ko babu, dabba ba ta tsoron sautin, duk da sun sha haɗuwa. Abin da ƙwaƙwalwa ke koyo shi ne wace alama ce ke hasashen haɗari. Saƙon zafin da ke isa amigdala ma yana raguwa a yayin da dabba ta fara sa ran sa, shi ya sa karo na farko da na biyu suka fi duk na baya tasiri, shi ya sa kuma masifar da ta zo ba zato take kafa tsoro a karo ɗaya.

Sai ƙarfafawa. A sa'o'in farko tunawar ɗanya ce. Don ta daɗe, dole saƙo ya isa cibiyar ƙwayar, a kunna ƙwayoyin gado, a ƙera sabon furotin, mahaɗar ta girma. In aka zuba maganin hana ƙera furotin a amigdala nan da nan bayan horo, ɓeran yana tsoron sautin bayan 'yan sa'o'i, amma washegari babu. Noradirenalin da jiki ke zubawa lokacin firgici yana ƙara wa wannan aiki ƙarfi. In ta kafu kuwa, ta kafu: an jarraba manyan ɓeraye wata 16 bayan horo, mafi yawan rayuwarsu ke nan, suka ƙame kamar jiya aka yi.

Mafita, da abin da aka gani a mutane

Amigdala ta gefe tana miƙa saƙo ga ɓangaren ƙasa da ɓangaren tsakiya, na tsakiyar shi ne mafita. Daga nan zare ya rarrabu, kowane da aikinsa. Ɗaya ya nufi toka-tokan yankin tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake taƙaitawa PAG, shi ke sa ƙamewa. Ɗaya ya nufi gefen haifotalamas, wani yanki da ke ƙarƙashin talamas, shi ke hawar da jini. A 1988 aka raba su a gwaji: lalata na farko ya hana ƙamewa jini na hawa, lalata na biyu ya hana hawan jini dabba na ƙamewa. Wani zaren yana kaiwa ga sakin sinadaran damuwa har zuwa kotizol, wani yana sauka kan waccan hanyar zabura ya ƙara mata ƙarfi, shi ya sa wanda ke cikin tsoro ƙofa kawai za a buga ya yi tsalle. Da yake hanyoyin a rarrabe suke, mutane biyu masu matsala ɗaya na iya zuwa da koke daban, wannan bugun zuciya da zufa, wancan ƙafafu su ƙi ɗaukarsa.

Wurin da abin ya faru kuwa hifokamfas, wani sashe da ke maƙwabtaka da amigdala, ke riƙe shi. A 1992 Kim da Fanselow suka lalata hifokamfas kwana ɗaya bayan horo, ɓerayen suka daina tsoron akwatin amma suka ci gaba da tsoron sautin.

A mutane, gwajin da Antoine Bechara da abokansa suka wallafa daga Iowa a 1995 ya fi kowane fayyace rabon aikin. An haɗa wasu launuka da wasu sautuka da ƙarar ƙahon jirgin ruwa mai desibel 100, ana auna zufar tafin hannu. Matar da wata cutar gado ta lalata mata amigdala biyu ta iya faɗin wace alama ce ƙahon ke bi, amma hannunta bai yi zufa ba. Wanda hifokamfas ɗinsa ya lalace hannunsa ya yi zufa, amma bai iya faɗin dalili ba. Sani a kai da amsar jiki hanyarsu ba ɗaya ba ce, saboda haka mutum na iya rantsewa ya san babur ɗin maƙwabcinsa ne, zuciyarsa kuma ba ta fasa bugu ba. Ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba. Sai dai kada a ɗauka amigdala ce mazaunin jin tsoro gaba ɗaya. A 2013 aka ba wa wannan matar iska mai kashi 35 cikin 100 na kabon dayokzaid ta shaƙa, ta firgita matuƙa. Amigdala tana gano alamar haɗari daga waje ta shirya jiki, jin tsoron da mutum ke bayyanawa da baki kuma yana buƙatar wasu sassan.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan yaɗuwar ita ce ainihin abin da ke hana mutane rayuwa. A 2015 masu bincike a Bangalore ta Indiya suka horar da ɓeraye da sauti biyu, ɗaya da lantarki ɗaya babu. Da lantarki mai sauƙi, yawancin ƙwayoyin amigdala da suka sauya suna amsa sautin haɗari ne kaɗai. Da aka ƙara ƙarfinsa, ƙwayoyi da yawa suka koma amsa duka biyun, dabbobin ma suka ƙame wa duka biyun. Gwargwadon tsananin abin da ya faru, gwargwadon faɗin da'irar ƙararrakin da za su riƙa tada tsoron: daga harbi zuwa salansar mota, zuwa faɗuwar murfin tukunya.

Dusashewa, da abin da ya sa tsoro ke dawowa

In aka yi ta kunna wa ɓera sautin, sau 20 ko 30, ba lantarki, ƙamewar tana raguwa har ta kusa ƙarewa. Amma tsohuwar mahaɗar ba ta goge ba. Sabon darasi aka ɗora a kanta, cewa sautin a nan, a yanzu, ba ya kawo komai. Wannan darasin ma yana buƙatar NMDA da sabon furotin, kuma wani yanki na ɓawon goshi, infiralimbik, shi ke riƙe shi. A 2002 Milad da Quirk a Puerto Rico suka ga ƙwayoyin yankin ba sa amsa sautin ranar horo ko ranar dusashewa, sai washegari lokacin tuna cewa ba haɗari, kuma ɓeran da nasa suka fi amsawa shi ya fi sakewa. Yankin yana aiki ne ta hanyar tada ƙwayoyin dannewa a amigdala, su tare saƙo kafin ya isa mafita.

Hujjar cewa tsohon darasi yana nan uku ce, kuma Mark Bouton ya yi shekaru yana tattara ta. Tsoron yana dawowa da kansa bayan makonni. Yana dawowa in aka kunna sautin a wani wuri daban da inda aka dusashe shi, domin hifokamfas ya ɗaure sabon darasin da wurin da aka koye shi, alhali tsohon yana bin dabba ko'ina. Yana kuma dawowa in dabbar ta sake shan wani zafi, ko da ba tare da sautin ba.

Daga nan aka ciro maganin da ake yi wa mutane, wato fuskantar abin tsoro daki-daki a hannun ƙwararre. Tsarin da Edna Foa ta shimfiɗa yana ɗaukar zama 8 zuwa 15, kowane kimanin minti 90. Ana jera ƙararraki da wuraren da mutum ke gudu, ya ba kowane maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tsoron da yake ji, a fara da na tsaka-tsaki, wajen 40 ko 50. In rurin babur ne, sai a fara da naɗaɗɗen sauti a waya, ƙasa-ƙasa, da rana, shi da kansa yake kunnawa. Daga baya wani ya kunna ba sanarwa, sannan babur na gaske daga nesa, sannan kusa, sannan da magariba. Ana zama cikin yanayin minti 30 zuwa 45, ko har makin ya ragu da rabi. Kafin a fara, mai magani ya tambaye shi me yake jin zai faru, bayan an gama a duba ko ya faru, domin saɓanin abin da aka zata da abin da ya auku shi ne ke rubuta sabon darasin, kamar yadda ba-zata ta rubuta na farko. Ƙarfin sautin kada ya wuce desibel 85, ba a neman lalata kunne.

Wuraren da aikin ke ɓaci duk sun fito daga abin da ya gabata. Wanda ya tashi ya fita lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa ya koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa gudun ne ya cece shi. Wanda ya yi duk zamansa a ɗakin asibiti zai ji sauƙi a asibiti, tsoron ya tarye shi a ƙofar gida, saboda haka dole a sassauya wuri da lokaci da irin sautin. Wanda ke riƙe hannun ɗan'uwansa a kowane zama zai jingina amincin ga ɗan'uwan, sai a janye wannan tallafin a hankali. Dawowar tsoro bayan wata biyu ko bayan wata sabuwar masifa abu ne da ake sa rai, zama ɗaya ko biyu na tuni yakan mayar da shi, kuma ya kamata a faɗa wa mara lafiya haka tun ranar farko don kada ya ɗauka aikin ya rushe. Gaggawa ma tana cutarwa. A 2006 Maren da Chang suka ga dusashewar da aka yi minti 15 bayan horo ba ta zauna ba, ta bayan awa 24 ta zauna, kuma a mutane tilasta wa wanda ya tsira ya zayyana abin da ya gani a zama guda nan take ba a ga amfaninsa ba. Diyazefam da danginsa suna kwantar da jiki na ɗan lokaci, amma darasin da aka koya a ƙarƙashinsu ba ya bin mutum in sun sake shi, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da su don alamomin firgici a watan farko.

Sharaɗin da ya fi duka nauyi shi ne haɗarin ya zama ya wuce da gaske. Wanda har yau yake kwana a garin da ake kai hari, tsoronsa na rurin babura hasashe ne daidai, kuma abin da yake buƙata da farko tsaro ne da wurin kwana. Da yawa cikin waɗanda suka tsira alamomin kan lafa da kansu a makonnin farko in sun sami aminci da barci da jama'arsu. In sun haura wata guda suna hana barci, fita ko neman abinci, lokacin zuwa asibiti ya yi, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Maiduguri, Kaduna, Kware da Dawanau, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa.

Wanda ya kasance kusa da fashewa ko harbi, a duba masa kunne ma. Harbin bindiga yana haura desibel 140, ya isa ya kashe ƙwayoyi masu gashi, waɗanda ba sa sake tsirowa, ya bar mutum da ƙugi a kunne ko jin ƙara ta yau da kullum tana yi masa zafi. Wannan matsala ce ta daban da ke buƙatar likitan kunne da gwajin ji, ko da yake sau da yawa tare suke zuwa da tsoron. Toshe kunne da auduga dare da rana kuwa yana ƙara dagula duka biyun: an gwada a mutane masu lafiyar ji, mako biyu na toshe kunne ya sa sautin da suke jurewa a da ya koma yi musu ƙarfi, domin tashoshin ji na ƙwaƙwalwa suna ƙara wa kansu kaifi in saƙo ya ragu. A ajiye abin toshe kunne don wurin da ƙara ta kai ta cutar da kunne, kamar injin niƙa ko kusa da janareta.